Zaɓen albarushi don cika harsasan bindigogin farauta masu matsakaicin baki

Zaɓen albarushi shi ne matakin da mai cika harsashi da hannu yake tantance irin garin da zai zuba a cikin kwanso, gwargwadon girman kwanson, faɗin bakin bindigar, nauyin ƙwayar harsashi da yanayin wurin da za a yi farautar. Cika harsashi da hannu al'ada ce da ta yaɗu tsakanin maharba a Amurka, Kanada, Jamus, ƙasashen Sikandinabiya, Ostireliya da Afirka ta Kudu. Mutum yana tattara kwansayen da ya riga ya harba, ya gyara su, ya sa musu sabuwar firaima, wato ɗan murfin da ke tayar da wuta a gindin kwanso, ya auna albarushi ya zuba, sannan ya dasa ƙwayar harsashi a bakin kwanson. Kuskure wajen zaɓen gari ko auna shi yana iya fasa bindiga ya raunata mai harbi.

## Ma'anar matsakaicin baki

Babu iyaka guda da kowa ya amince da ita. Maƙeran bindiga na Ingila da maharban da suka yi farauta a Afirka sukan kira bindiga mai matsakaicin baki idan faɗin ƙwayarta ya kama daga kimanin inci .318 zuwa .375. Marubutan Amurka kuma sukan fara ƙirga daga .338. Ana amfani da irin waɗannan bindigogi wajen harbin manyan namun daji kamar gwanki, aladen daji, beyar da manyan barewar ƙasashen sanyi. Mafi girma a cikinsu har ɓauna da zaki da giwa ake farauta da su, kuma ƙasashen Afirka da dama sun sa .375 a matsayin mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a tunkari dabbobi masu haɗari da shi.

Fitattun harsasai na wannan rukuni sun haɗa da:

* 9.3×62, wanda Otto Bock ya ƙirƙiro a Balin a 1905. Sananniyar ƙwayarsa tana da nauyin giren 286, tana fita da gudun kimanin mita 720 a sakan.
* .375 H&H Magnum, na kamfanin Holland & Holland da ke Landan, 1912. Ƙwaya mai giren 300 tana fita da gudun kimanin ƙafa 2,500 a sakan.
* .35 Whelen, wanda aka samar a 1922 ta hanyar faɗaɗa wuyan kwanson .30-06. Sai a ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Remington ya fara sayar da shi daga masana'anta.
* .358 Winchester, 1955, daga kwanson .308 Winchester.
* .338 Winchester Magnum, 1958.
* .338 Federal, 2006, da .375 Ruger, 2007.

Giren shi ne ma'aunin da ake auna ƙwaya da albarushi da shi. Giren ɗaya daidai yake da giram 0.0648, kuma giren 7,000 ne suke cika fam ɗaya.

## Tarihi

Kafin ƙarshen ƙarni na 19, baƙin albarushi kaɗai aka sani, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta da gishirin fotashiyam naitiret. Shi ne irin wanda maharban ƙasar Hausa suke ɗura wa bindigar toka har yau. Yana yawan hayaƙi, yana barin datti a cikin bututu, kuma gudun da yake bai wa ƙwaya yana da iyaka.

A 1884 Paul Vieille na Faransa ya samar da albarushi marar hayaƙi na farko da ya yi amfani a bindigar soja, wanda aka yi da naitiroselulos. Alfred Nobel ya biyo baya da Ballistite a 1887, inda ya ƙara naitirogilisarin. A 1889 Frederick Abel da James Dewar suka fito da kodayit a Ingila. Ana yin kodayit kamar dogayen tsinkayen taliya, kuma nau'insa na farko ya ƙunshi kashi 58 cikin ɗari na naitirogilisarin. Yana ci da zafi ƙwarai, kuma matsinsa yana hawa idan ya sha rana. Saboda haka maƙeran Ingila da ke sayar wa masu zuwa Indiya da Afirka suka riƙa yin kwansaye manya masu tsukewa zuwa sama, domin matsi ya zauna ƙasa, kwanso kuma ya fito cikin sauƙi bayan harbi. Siffar .375 H&H gado ce daga wancan zamani.

A Amurka kamfanin DuPont ya fito da jerin garin IMR. IMR 3031 da IMR 4064 sun fito a tsakiyar shekarun 1930, IMR 4350 kuma a 1940. A 1933 Fred Olsen na kamfanin Western Cartridge ya kawo hanyar yin gari mai ƙwayoyi zagayayyu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Bruce Hodgdon ya sayi rarar albarushin soja mai lamba 4895 daga gwamnati a 1947, ya riƙa sayar wa maharba da araha. Wannan ya taimaka matuƙa wajen yaɗuwar cika harsashi a gida. Kamfanin Hodgdon ya sayi IMR a 2003. A Turai ana samun garin Vihtavuori na Finlan da Norma na Suwidin, a Afirka ta Kudu kuma akwai garin Somchem.

## Ire-iren albarushi marar hayaƙi

### Ta fuskar sinadari

Gari mai tushe ɗaya naitiroselulos ne kawai makamashinsa. Tsofaffin garin IMR da jerin N100 na Vihtavuori duk irinsa ne. Gari mai tushe biyu an ƙara masa naitirogilisarin, saboda haka yana ɗauke da makamashi fiye da na farko a nauyi ɗaya. Reloder 15 da jerin N500 suna cikin wannan aji. Mai tushe biyu yakan ba da ƙarin gudu a kwanson da wurinsa ya yi kaɗan, sai dai harshen wutarsa ya fi zafi, kuma yakan fi saurin cinye farkon bututun bindiga idan ana yawan harbi. Ga bindigar farauta da ba ta wuce 'yan harsasai a shekara, wannan bambanci ba ya cika damun mai ita.

Ana ƙara wa gari wasu sinadarai. Akwai mai hana shi lalacewa da tsufa, kamar daifenilamin. Akwai rufin da ake yi wa bayan ƙwaya don ya rage saurin kamawar wuta a farko. Akwai kuma girafait, wanda ke sa garin ya zuba sumul, ya kuma rage tara lantarki.

### Ta fuskar siffa

* Mai sanda-sanda: gajerun sanduna masu rami a tsakiya. Wuta tana ci daga waje da kuma cikin ramin a lokaci ɗaya, don haka faɗin wurin da ke ci ba ya saurin raguwa. Yana kama wuta cikin sauƙi, amma dogayen sandunan ba sa zuba daidai daga na'urar awo, shi ya sa ake auna kowane zubi a kan sikeli.
* Mai ƙwallo: ƙwayoyi zagayayyu ƙanana, wasu an ɗan latse su. Yana zuba kamar ruwa, yana kuma shiga kwanso da yawa saboda ba ya barin gurbi. Rufinsa yana da kauri, don haka littattafai da yawa suna haɗa shi da firaima mai ƙarfi, musamman idan za a yi harbi cikin sanyi.
* Mai falle-falle: siraran fallaye masu saurin ci ƙwarai. Yawancinsa na ƙaramar bindiga ne da bindigar harbin tsuntsaye, kuma ba shi da gurbi a cikakken cikon bindigar manyan namun daji.

## Saurin ci

Albarushi marar hayaƙi ci yake yi, ba fashewa ba, kuma yadda matsi ya ƙaru haka cin nasa ke ƙara sauri. Duk abin yana faruwa ne cikin kimanin kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Da firaima ta kunna garin, iskar gas tana taruwa a bayan ƙwaya. Ƙwayar tana motsawa gaba, wurin da ke bayanta yana ƙara faɗi, matsin kuma yana neman sauka. Garin da ya dace shi ne wanda yake samar da gas daidai da yadda wurin ke buɗewa.

Idan garin ya yi sauri da yawa, matsi yana kai ƙololuwar da aka yarda da ita tun ana da ɗan gari kaɗan a kwanso, sai gudun ya kasa kai yadda ake so. Ƙarin 'yan giren a kan haka kuma yana iya ƙetare iyakar da ƙarfen bindiga zai jure. Idan garin ya yi jinkiri da yawa, kwanso yana cika kafin matsi ya kai inda garin zai ci sosai, sai a samu raguwar gudu, datti a bututu, da babbar wuta da ƙara a bakin bindiga.

Kamfanoni suna buga jadawalin da ke jera gari daga mafi sauri zuwa mafi jinkiri. Ga harsasai masu matsakaicin baki, ɓangare uku ne ake dubawa:

* Masu matsakaicin sauri: IMR 3031, IMR 4895, H4895, IMR 4064, Varget, Reloder 15, N140.
* Masu ɗan jinkiri: N150, Winchester 760, IMR 4350, H4350, Reloder 17.
* Masu jinkiri: Reloder 19, N160, H4831.

Jadawalin yana nuna maƙwabtaka ne kawai. Gari biyu da ke kusa da juna suna iya sauya matsayi daga wannan kwanso zuwa wancan, saboda haka ba a ɗaukar adadin zubi na wani a yi amfani da shi ga wani.

## Dangantakar kwanso da faɗin baki

Babban abin da ke raba wannan rukuni da ƙananan bindigogi shi ne faɗin gindin ƙwaya. Idan aka kwatanta da ƙwayar .308, gindin ƙwayar .338 ya fi faɗi da kimanin kashi 20 cikin ɗari, na .358 da kashi 35, na 9.3 da kashi 41, na .375 kuma da kashi 48. Duk inci ɗaya da ƙwaya mai faɗi ta matsa gaba, wurin da ta buɗe a bayanta ya fi na siririya yawa. Matsi yana saurin sauka, don haka ana bukatar garin da zai ci da ɗan sauri ya cike gurbin.

Dangin kwanson .30-06 misali ne bayyananne, domin kwanso ɗaya ne aka sauya wa wuya. A .270 Winchester, inda wuyan ya tsuke, gari mai jinkiri irin H4831 ne ya yi suna. A .30-06 kansa, ajin 4350 ya fi karɓuwa. A .338-06 ana amfani da abin da ke tsakanin 4064 da 4350. A .35 Whelen kuma, littattafan ciko sun fi nuna Reloder 15, Varget da IMR 4064, domin ajin 4350 yakan cika kwanson kafin ya ba da cikakken gudu.

Girman kwanso yana jan zaɓin zuwa ɗaya ɓangaren. Ana auna cikin kwanso da nauyin ruwan da yake ɗauka: .308 yana ɗaukar kimanin giren 56, .30-06 kimanin 68, 9.3×62 kimanin 78, .338 Winchester Magnum kimanin 86, .375 H&H kuma kimanin 95. Shi ya sa .358 Winchester da .338 Federal, masu ƙaramin kwanso da faɗin baki, suke tafiya da ajin 3031 da 4895. 9.3×62 yana zaune a tsakiya tare da Reloder 15, N140 da N150. Shi kuwa .338 Winchester Magnum, mai babban kwanso da baki mafi tsukewa a rukunin, ya fi son ajin 4350 zuwa 4831. .375 H&H yana karɓar ɓangarori biyu: masu matsakaicin sauri da ƙwayoyi marasa nauyi, masu ɗan jinkiri kuma da ƙwayar giren 300.

## Nauyi da irin ƙwaya

A kwanso ɗaya, ƙwaya mai nauyi tana jinkirin tashi, tana bai wa gas lokacin taruwa, saboda haka takan dace da gari mai ɗan jinkiri fiye da wanda za a sa wa marar nauyi. Sai dai ƙwaya mai nauyi ta fi tsawo, kuma tana shiga cikin kwanso ta cinye wurin gari. Haka ma ƙwayoyin jan ƙarfe zalla waɗanda babu dalma a cikinsu: jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka ƙwayar takan fi tsawo a nauyi ɗaya. Irin waɗannan ƙwayoyi sun ƙara yaɗuwa, musamman a jihar Kalifoniya, wadda ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya daga Yulin 2019. A irin wannan hali masu ciko sukan koma ga gari mai ƙwallo ko mai gajerun sanduna, wanda ke shiga ƙaramin wuri. Ƙwayoyi biyu masu nauyi ɗaya daga kamfanoni dabam suna iya ba da matsi dabam, saboda taurin ƙarfensu da tsawon jikin da ke gogar bututu ba ɗaya ba ne.

## Cikar kwanso

Masu ciko sun fi son garin da zai kusa cika kwanso. Idan gurbi ya yi yawa, garin yana kwanciya gaba ko baya gwargwadon yadda aka riƙe bindigar, sai gudu ya riƙa bambanta daga harbi zuwa harbi. Ɗan danne gari mai sanda-sanda da gindin ƙwaya abu ne da littattafai suka yarda da shi idan sun nuna haka. Dannewa mai tsanani kuwa tana iya tura ƙwaya waje a hankali, har harsashin ya ƙi shiga ɗakin bindiga. Ga mai bin sawun ɓauna da ta ji rauni, harsashin da ya maƙale a lokacin harbi na biyu haɗari ne ga rai. Rage adadin gari mai jinkiri ƙasa da abin da littafi ya nuna shi ma ba a yarda da shi, domin yana kawo jinkirin tashin wuta da matsin da ba a iya hasashensa.

## Zafi da sanyi

Garin da ya yi zafi ya fi saurin ci. Cikon da aka gwada a lokacin sanyi a Turai ko Amurka yana iya wuce iyaka idan harsashin ya wuni a cikin mota a dajin Zimbabuwe ko arewacin Kamaru. A sanyi mai tsanani kuma gudu yana raguwa, ƙwaya ta sauka ƙasa da inda aka saita. Saboda haka kamfanoni suka fito da garin da yanayi ba ya cika taɓa shi. Daga ciki akwai jerin Extreme na Hodgdon, wanda ake yi a Ostireliya, ya ƙunshi Varget da H4350 da H4895, sai kuma Reloder 16. Waɗannan sun rage matsalar amma ba su kawar da ita ba. Maharban da ke zuwa ƙasashe masu zafi sukan tsaya ƙasa da ƙololuwar ciko, domin asarar ɗan gudu ba ta canza komai a jikin dabba, kwanson da ya ƙi fita kuwa yana hana harbi na gaba.

## Tsawon bututu da bugun kafaɗa

Gwaje-gwaje sun nuna cewa garin da ya fi ba da gudu a dogon bututu shi ne yakan fi bayarwa a gajere ma. Abin da ke canzawa shi ne ƙara da wutar baki, waɗanda ke ƙaruwa da gari mai jinkiri a gajeren bututu. Nauyin garin kansa yana cikin lissafin bugun da bindiga ke yi wa kafaɗa, domin gas ɗin ma fita yake yi da gudu. Idan gari biyu sun ba da gudu ɗaya, wanda ake zuba kaɗan daga cikinsa ya fi sauƙin bugu.

## Iyakar matsi da gwaji

Hukumomi biyu ne ke tsara iyakar matsi: SAAMI a Amurka, wadda aka kafa a 1926, da CIP, wadda ta samo asali a 1914 kuma ƙa'idojinta doka ne a ƙasashen da ke cikinta. SAAMI ta sa .338 Winchester Magnum a kan fam 64,000 a kowane murabba'in inci, .375 H&H kuma a kan 62,000. CIP ta sa 9.3×62 a kan bar 3,900, 9.3×74R kuma a kan bar 3,400, domin a bindigogin da ake karyawa ake yawan amfani da shi, waɗanda makullinsu bai kai na mai sakata ƙarfi ba.

Mai ciko a gida ba shi da na'urar auna matsi, don haka yana dogara ne da littattafan da kamfanonin gari da na ƙwaya ke bugawa bayan gwaji, irin na Hodgdon, Vihtavuori, Hornady, Nosler, Speer da Lyman. Ƙa'idar ita ce a fara daga zubin farko da littafi ya nuna, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana dubawa, kada a wuce na ƙarshe. Ana komawa baya a sake farawa duk lokacin da aka sauya kwanso, firaima, ƙwaya ko aka buɗe gari daga sabon rukunin masana'anta. Alamun matsi ya yi yawa sun haɗa da sakatar bindiga mai wuyar ɗagawa, tabo mai ƙyalli a gindin kwanso, da firaima da ta baje ko ta saki. Waɗannan alamu sau da yawa ba sa bayyana sai an riga an wuce iyaka. Na'urar auna gudu ta fi saurin faɗakarwa: idan gudu ya zarce na littafi a bututu mai tsawo ɗaya, matsin ma ya zarce.

## Kurakurai masu haɗari da ajiya

* Zuba garin ƙaramar bindiga a kwanson babbar bindiga yana tarwatsa ta. Shi ya sa ake ajiye gwangwani ɗaya tak a kan teburin aiki.
* Sunaye masu kama ba sa nufin gari ɗaya. IMR 4350 da H4350 da Accurate 4350 kowanne da bayanansa.
* Ba a gauraya gari biyu, kuma ba a amfani da garin da ba a san sunansa ba.
* Ba a zuba albarushi marar hayaƙi a bindigar da aka ƙera don baƙin albarushi, kamar bindigar toka, domin matsinsa ya fi ƙarfin bututunta.

Ana ajiye gari a cikin mazubinsa na asali, a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da wuta. Garin da ya fara lalacewa yana fitar da wari mai tsami mai hawa hanci, wani lokaci da jar ƙura kamar tsatsa. Irin wannan ba a cika harsashi da shi, domin yana iya kama wuta da kansa.

## Doka

A yawancin jihohin Amurka ba a bukatar lasisi don cika harsashin da mutum zai yi amfani da shi da kansa. A Jamus sai mutum ya yi kwas, ya ci jarrabawa, ya samu izini a ƙarƙashin sashe na 27 na dokar abubuwan fashewa kafin ya sayi gari. Dokokin sinadarai na Tarayyar Turai sun sa an daina shigar da wasu nau'o'in garin Hodgdon da IMR daga 2018, abin da ya tura maharban Turai da yawa zuwa ga Vihtavuori da Norma. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta taƙaita mallakar bindiga da harsashi ga masu lasisi, ta kuma hana ƙera harsashi ko haɗa shi ba da izinin hukuma ba.